Jan Biron Malama

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ni da matata mun dawo daga wajen likitan idonta. Ya sa ranar aiki, Litinin 24 ga wata. Idon dama. Na hagu tun bara aka daina maganarsa. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

A mota muka zo har kwanar gida. Sannan Malama ta ce, “Injiniya, ina so in karanta shafukana kafin ranar. Duka.”

Shekara talatin da bakwai ke nan tana ce mini Injiniya. Injiniyanci na karanta, na fita da sakamakon da ba a taɓa gani ba a sashenmu, kuma ko kwalbati ban taɓa ginawa ba. Waɗanda nake yi wa aikin makaranta a lokacin su ne yanzu ake buɗe wa ƙofar mota. In ta kira ni da shi da safe, suna ne. In bayan gardama ne, zagi ne. Yau suna ne.

Shafukan nata darussan lissafi ne da ta tara a littattafai cikin shekara talatin tana koyarwa. Da ta yi ritaya na buga su da hannuna, na ɗora a intanet saboda sababbin malamai. Shafi ɗari da tamanin. Ba ta taɓa zama ta karanta su a allo ba, ta ce ta yarda da ni. Yanzu tana so ta ga abin da za ta bar wa mutane. Haka ta faɗa, “abin da zan bar musu.” Na ce ta daina irin wannan magana.

Kwana ashirin, shafi tara a rana. Na ce mata gyaran rubutun aikin minti biyar ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara da rabi na safe

Ta zauna gaban kwamfuta, hancinta na neman taɓa gilashi.

“Wane irin rubutu ne wannan, kamar tururuwa ta bi ta cikin toka?”

Ni na zaɓi launin. Ruwan toka a kan fari, haruffa ƙanana. A lokacin gani nake haka rubutun masu ilimi yake.

Na buɗe fayil ɗin CSS, takardar doka guda da duk shafukan ke dubawa su san kamar da za su ɗauka. A cikinta ana fara rubuta selekta, wato abin da ke nuna waɗanda doka ta shafa, sannan a rubuta dokar. Na sa p, ma'ana kowane sakin layi. Na ce girma talatin, launi baƙi. Na ajiye, na sabunta shafin.

Ko gezau.

Na duba kowane waƙafi da kowace baka. Komai daidai. Shayinta ya huce, ta tashi ta bar mini kujerar.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na gano. Ba kuskure ba ne, ni ne.

Kowane sakin layi a shafukan nan na rubuta masa nasa salon a jikinsa: girma sha biyu, launi toka, faɗi kaza. Ƙa'idar abin kuwa, salon da ke jikin layi ya fi ƙarfin dokar da ta fito daga fayil. Layin yana jin dokar sarai, amma abin da aka rataya masa a wuya yake bi.

Da gangan na yi. A ofishin da na ƙare aikina, ni ke tsara shafukansu shekara tara. Wata safiya na zo na tarar duk sun canja kama. Sabon shugaban sashe, wanda ban fi shekara biyar da ganinsa yana neman wurin gwajin aiki ba, ya taɓa layi uku a fayil ɗaya, aikin shekara tara ya bi shi kamar bai taɓa sanina ba. Ko sallama bai yi mini ba. Ranar na yi rantsuwa ba wanda zai ƙara juya mini aiki daga sama. Tun daga nan kowane layi nake ɗaure shi da hannuna.

To, na ɗaure. Ga shi yau ni ne na sama, kuma sun ƙi ni.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gwada ƙara girman allon gaba ɗaya. Layuka suka fice ta gefe, don faɗin ma na ɗaure shi, tokar kuma tana nan toka. Na gwada nemo-ka-musanya, ashe ba iri ɗaya na riƙa rubuta su ba, wani da tazara, wani babu, wani na fara da launi, wani da girma. Shafi ɗaya ya wargaje.

Sai na koma bin su da hannu. Kusan sakin layi arba'in a kowane shafi. Uku na gama, yatsuna sun ƙage.

Malama ta ce, “Ka kira 'yarka. Ai aikinta ke nan.”

Na ce ba sai an ɗaga wa kowa hankali ba. Yarinyar nan tana wani gari, tafiyar awa uku, kullum suna waya da uwarta. Ni da ita gaisuwa ce kawai, shekara biyu. Akwai dalili.

“To ni ba zan roƙar maka ba,” in ji Malama. “Kai ka ɗaure, kai za ka nemo mai kwancewa.”

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Shafi huɗu. Na ɗiga wa Malama magani a ido sau uku. Ban kira ta ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sha huɗu muke, ya kamata a ce mun doshi arba'in da biyar. Tana cinye abin da na gyara cikin awa guda, sannan ta zauna tana jiran yatsuna.

Na ce to in karanta mata a bayyane mana.

“A'a. Kai in kana karanta wa mutum abu, gyara shi kake yi a baki. Ko takardar magani ba ka bari.”

Na yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ta juyo da idon daman ta ɗan daɗe tana kallona.

Ban kira ta ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

An samu! Na tuno akwai wata kalma da ake liƙa wa doka a ƙarshenta, !important, da alamar motsin rai a gabanta. Ita kaɗai ke danne salon da ke jikin layi. Ihu ne dai, a taƙaice. Na sa tauraro a matsayin selekta, wato kowa da komai, na ce girma talatin, launi baƙi, faɗi a sake shi, kowanne da ihunsa.

Na sabunta. Shafi ɗari da tamanin suka miƙe tsaye baƙi wuluk, manya-manya.

Malama ta ja kujera baya, karon farko. Ta karanta layin farko da ƙarfi daga inda take zaune. “Kai, Injiniya,” ta ce, “ashe dai ba a banza aka tura ka makaranta ba.”

Sha biyu ta karanta yau. A na ashirin da biyu ta tsaya, ta ce, “Ikon Allah. Ni na rubuta wannan?” Na ce bari in ɗora shayi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

“Ina jan?”

Da haka ta tare ni. Na ce wane ja.

“Jan birona. Jiya ina ta jin shafukan kamar an share musu gira, sai da asuba na gane.”

A littattafanta, duk inda ta san yara na faɗuwa, da jan biro take rubutawa. Nan za su manta da sifili. Nan za su tara na ƙasa da na ƙasa. Da nake bugawa na sa musu ja, a jikin layin, kamar komai. Ihun da na yi jiya bai tambayi kowa ba, ya mai da su baƙi tare da sauran.

Na ce ai kalmomin suna nan.

“Kalmomi kowa na da su. Shekara talatin na yi kafin in san inda zan sa jan nan. In babu shi, ba nawa ba ne, littafin kowa ne.”

In na cire dokar launi, toka ta dawo, ba ta gani. In na bar ta, ja ya tafi. Ba yadda zan nuna su su kaɗai, don ban ba su suna ba. Ban ba komai suna ba.

Ta kashe allon da kanta.

Laraba, 12 ga wata, la'asar

Ba a karanta ko ɗaya ba. Tana zaune a baranda, fuskarta wajen haske. Saura kwana sha biyu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na kira ta.

Bugu biyu ta ɗauka. “Baba? Lafiya? Mama ce?”

Na ce lafiya lau, tambaya ce ta aiki. Na bayyana mata, na fi minti biyar, har da tarihin ofis wanda ba ta tambaya ba.

“Tauraro ka sa? Da ihu?”

“Da ihu.”

“Baba, ka shiga kasuwa ka ce kowa ya kwanta, don kana neman mutum ɗaya.”

Sannan ta faɗa mini abin da ban sani ba. Akwai selekta da ke zaɓar layi ta abin da aka rubuta a jikinsa. Ana iya cewa, duk wanda salon wuyansa ke ɗauke da kalmar ja, kai nake nufi. Ta karanto mini harafi-harafi, ina bugawa da yatsa ɗaya, waya a kafaɗa. Na sabunta. Ja ya fito, ƙato, kamar yanzu aka cire murfin biron.

Malama ta tafa daga bayana.

Bayan awa guda muka gane rabi ne suka dawo. Ja iri uku na yi amfani da shi, ɗaya da suna, biyu da lamba. Na sake kira. Ta yi dariya, irin ta kakarta sak.

“Wannan faci ne muke yi. Zan zo jibi mu cire su gaba ɗaya.”

Na ce kada ta wahalar da kanta. Ta ce ba don ni ba ne. Na ce na sani.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta iso da hantsi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta shiga wajen uwarta, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, na fita duba tayar mota wadda ba abin da ya same ta.

Bayan azahar muka zauna. Ta sa kwamfuta ta tattaro duk salon da na rataya wa layuka, ta jera su. Dubu bakwai da wani abu, amma da aka tace, iri goma sha ɗaya ne kacal. Ta ce kowane iri za a mai da shi aji guda, a ba ajin suna, a cire abin wuyan, sannan a yi wa ajin doka ɗaya a fayil.

Malama na kan tabarma, idonta rufe, ta ce, “To ai haka ake yi. Wa ya taɓa bin yara gida-gida yana gaya musu gobe a zo da rula? A allo ake rubutawa.”

Jajayen uku suka koma aji ɗaya. Malama ta raɗa masa suna tarko. A fayil aka rubuta ɗigo, sannan tarko, sannan doka. Aka goge ihuna duka, ba wanda ya yi kewarsa.

Ina kallon yadda take auna wace doka za ta rinjayi wace, tana ƙirgawa da yatsu kamar yadda nake yi. Na ce, “Ashe abin da lissafi a ciki.”

Ba ta ɗago ba. “Fenti ne, Baba.”

“Ni na ce haka?”

“Kai ka ce. A gaban mijina. Ka ce duk karatun da na yi na ƙare a mai fenti.”

Na dubi allon. Na ce, “Ban kyauta ba.” Ta ce, “Miƙo mini cajar nan.” Na miƙa.

Goma ta gama. Na sha ɗayan ta tsaya a kansa. Toka ce, amma ta ɗan fi sauran duhu, da ido ba a rabewa. Wuri arba'in da bakwai. Ta ce wannan na mene ne.

Na ce magariba ta yi, a bari sai gobe.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Da na fito yarinyar ta riga ta sa musu rawaya a bayansu don ta ga ko su wane ne. Tana karanta ɗaya, ta juyo ta dube ni. Ta ce a hankali, “Baba, in mai da su cikin sauran? Ba wanda zai sani.”

Da layi ɗaya za ta iya. Na daɗe ina kallon yatsanta a kan maɓalli. Na ce a'a, kira Malama.

Na faɗa a tsaye. Lokacin da nake buga darussan, duk inda na ga bayaninta ya yi tsawo, ko bai yi kama da yadda aka koya mana ba, sai in ƙara nawa, wani wurin in canja nata. Na ba su wata toka dabam don in iya gane su ni kaɗai. Shekara shida malamai na karanta maganata da sunanta.

Malama ta ce a buɗe shafi na ashirin da biyu. Nata ya ce, kada ka fara gaya wa yaro ya juya ya ninka, tambaye shi rabin burodi nawa ne a cikin burodi uku, ka bar shi ya ƙirga. A ƙasa, cikin rawaya, nawa ya ce, a taƙaice, a juya na biyu a ninka.

“A taƙaice,” in ji ta. “Na yi shekara talatin ina hana malamai wannan taƙaicewar, ashe tana kwana a gidana.”

Ta juyo gare ni.

“Ka taɓa tsayawa gaban yara sittin bayan an dawo tara?”

“Ban taɓa ba.”

“Injiniya.” Wannan karon ba suna ba ne.

Yarinyar ta tambaya ko a goge su. Malama ta ce a'a, a bar su da rawayarsu, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar jarrabawa. Yarinyar ta ce to wane suna za a ba ajin.

“Shisshigi.”

Haka aka rubuta. Ɗigo, shisshigi. Yana nan a fayil, layi na talatin da ɗaya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ba ta yi mini magana ba sai “ɗiga” da “ya isa.” Sha biyar ta karanta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yanzu ga yadda muke. Ta karanta, in ta zo kan rawaya ta ce “goge,” in goge. Wani lokacin da ƙarin bayani. “Goge, wannan don ka burge abokan karatunka ka rubuta.” “Goge, ko ni ban gane ba.” Uku ta bari, don a nan ita ce ta yi kuskuren lissafi, ta kuma ce a rubuce take so in amsa cewa uku ne kawai cikin ashirin da ɗayan da muka bi zuwa yau. Ga shi na rubuta.

Idon na gajiya da wuri. Bayan kowane shafi huɗu sai ta rufe shi da tsumma mai sanyi. Likita ya ce kada a matsa. Da na tuna mata ta ce, “Me zan adana shi in yi da shi?” Sannan ta ga fuskata ta ce wasa take yi.

Mamana, 'yar tawa, ta koma jiya, za ta dawo Lahadi. Sunan mahaifiyata gare ta, haka nake kiranta tun tana zanin goyo. Na ga na daɗe ban rubuta shi ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Shafi na ɗari da goma sha takwas, kan dalilin da ya sa ba a rabawa da sifili. Ta karanta rawayar sau biyu. Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

“Tsaya. Wannan ya fi nawa.”

Na ce me ta ce.

“Ka ji ni sarai. Cire masa rawayar, sa shi a tarko.”

Layina da jan bironta. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ɗari da hamsin da ɗaya. Saura ashirin da tara, waɗanda kwanakin taurin kaina suka cinye. Na ce in muka dage za mu ƙara goma kafin magariba.

Ta kashe allon. “Bar su. Zan dawo musu.”

Likita ya ce rabi da rabi ne. Abin da ban rubuta ba ke nan ranar 3 ga wata.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya saura kwata, a barandar asibiti

Sun shiga da ita tun tara. Mamana na gefena. Allon sanarwar da ke bango rubutunsa ƙanana ne, ruwan toka, a asibitin ido. Na nuna mata. Ta ce, “Wani injiniyan ne ya yi.”

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Bandeji. An ce sai kumburi ya sauka za a sani.

Juma'a, 28 ga wata, la'asar

Ta ce tana ganin taga. Taga kawai. Na ɗiga magani sau huɗu. Ban buɗe kwamfuta ba.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ƙarfe goma na safe

Likita ya yarda da minti goma a rana, kada a wuce. Ta zauna, na buɗe mata shafi na ɗari da hamsin da biyu. Na tsaya a bayanta ina kallon ƙeyarta, don ba zan iya kallon allon ba.

Sai ta ja tsaki.

“Injiniya, wa ya ce ka yi mini rubutu kamar allon talla? Kalma huɗu ta cika layi. Rage shi.”

Na ce zuwa nawa.

“Kaɗan dai. Kada ka yi zumuɗi.”

Na buɗe fayil ɗin. Layi ɗaya. Na goge talatin na sa ashirin da huɗu, na ajiye. Shafi ɗari da tamanin suka bi, ba wanda ya yi gardama.

Ta matso kaɗan, ta bi layin da yatsa, ta tsaya a kan rawaya.

“Goge,” ta ce.

Na goge. Saura ashirin da takwas.